Gashin alkama a ɗakin tuzuru

Lahadi, 17 Nuwamba 2024

Toh bismillah. Jiya na dawo daga gida, Baba yasa an ɗaura min alkama kwano uku a bayan mashin, ragowar ta bara ce tunda yanzu ma ake shirin zuba sabuwa. Mu can Kura alkama ba baƙuwa bace, tunda aka gina madatsar Tiga zamanin Gwamna Audu Bako ruwa ya biyo ta Kadawa ake nomanta da rani, a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba in sanyi ya fara shigowa, a girbe wajajen Maris. Abin kunyar shine ni ɗan manomin alkama, shekara huɗu kenan ina zaune a Kano ni kaɗai, ban taɓa sarrafa ta da hannuna ba, kullum burodin shago.

Shi kuma burodin shagon ya ishe ni wallahi. In ka sayi ƙarami ka matse shi a hannu sai ya koma kamar auduga, ka ci da shayi ƙarfe bakwai, ƙarfe goma cikinka na kiran ciroma. In ka sayi babba don sauƙi kuma kafin ka kai rabi ya fara fumfuna, mutum ɗaya yaushe zai cinye. Ga suga kamar kek. Ga kuɗi tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai hawa yake shi kuma burodin sai ƙanƙancewa. Shine nace bari in gwada yin nawa da zallar garin alkama, wanda ba a surfa ba ba a cire dusa ba, in dinga rubuta abinda ya faru don kar in maimaita shirme ɗaya sau biyu.

Kayan da nake dasu: ƙaramin gas mai kai ɗaya, kurfoti, tukunya ɗaya mai kauri da Inna ta bani, kaskon suya, da ɗan firji wanda yafi zama kabad saboda wuta. Oven babu.

Yau dai rege kawai nayi, na wanke kwano biyu na shanya a tabarma. Tsakuwar da na tsinta zata cika murfin kwalba.

Talata, 19 Nuwamba

Na kai niƙa. Nace wa mai injin malam don Allah ayi laushi sosai kuma kar a haɗa min da komai, yace ba matsala, ashe wanda ya gabace ni yaji ya niƙa. Na dawo gida na buɗe leda sai atishawa. Na kwashe na saman na ware, shi dai sai ɗanwake ko wani abu. Nan gaba zan tafi da ɗan tsakin masara a fara zubawa ya wanke injin, kuma in ce a maimaita niƙan sau biyu don garin ya fito da ɗan tsaki-tsaki, in ka murza a yatsa kana jin shi kamar rairayi.

Asabar, 23 Nuwamba

Gwajin farko. Innalillahi.

Na bi wani bidiyo na wata mata da take yi da fulawa, na auna duk abinda ta auna, gari kofi huɗu, ruwa, yis, suga, gishiri, mai. Tun wajen kwaɓi naga alamar ba lafiya, nata yana ta sulɓi yana miƙewa kamar cingam nawa kuwa yana tsagewa kamar ƙasar gini. Nace ƙila haka alkama take. Na zuba yashi a tukunya na ɗora a kurfoti yayi zafi, na jera duwatsu uku, na ɗora kwanon silba da kwaɓin a ciki, na rufe na zuba garwashi a kan murfi kamar yadda naga mata masu kek sunayi a unguwarmu.

Minti arba'in na buɗe. Ƙamshi dai tubarkalla, har maƙocina ya leƙo yana malam me ake toyawa. Amma abin da ya fito tubali ne, ƙasan ya ƙone baƙi ƙirin, tsakiya kuma danƙo-danƙo bai gasu ba, in ka jefi kare dashi sai an kai ka wajen mai unguwa. Na yanka da ƙyar na tsoma a shayi naci yanki biyu don kar ace asara. Kuma abin haushin kofi huɗu ne fa, ko da yayi kyau ni kaɗai yaushe zan ci wannan. Duk masu koyar da girkin nan da gidan mutum goma suke magana, ba wanda yake tuna akwai irinmu.

Lahadi, 1 Disamba

Na kira Yaya na bata labari, saida ta gama dariyarta har da kiran mijinta yazo yaji, sannan tace kai alkama ai ƙishirwa gareta, ba a bata ruwan fulawa. Tace in sun tashi funkaso ko alkubus na alkama ruwan da suke sawa yafi na fulawa, kuma basa bugawa nan take, sai sun jiƙa sun barshi ya sha. Nace Yaya to kamar nawa zan ƙara, tace hannunka ne zai gaya maka. Wannan amsar ta manya kam bata taɓa taimakon kowa ba.

Amma gaskiyarta. Da na zauna na duba abin, ƙwayar alkama kashi uku ce, akwai ɓawon waje wato dusa, akwai farin ciki wanda shine fulawa, akwai kuma ɗan idon nan da yake tsirowa in an shuka. Kamfani in zai yi fulawa sai ya cire dusa da idon ya bar farin kawai. Dusar nan ita ke zuƙe ruwa, kuma a hankali take sha ba lokaci ɗaya ba, shi yasa zaka kwaɓa kaga daidai bayan minti ashirin ka dawo ka tarar ya ƙame. Sannan gefenta da kaifi, tana yanyanka danƙon nan da yake riƙe iskar yis, shine dalilin da burodin alkama zalla ba zai taɓa kumbura ya kai na fulawa ba ko waye yayi shi.

Yau na rage zuwa gwangwanin madara biyu na gari. Na zuba ruwa na juya da cokali kawai, ba yis ba gishiri, na rufe na tafi masallaci na dawo na ɗan taɓa waya, wajen minti arba'in. Da na taɓa shi wallahi kamar ba shi ba, yayi laushi har yana miƙewa kaɗan. Sannan na sa yis da gishiri na murza. Na gasa a gwangwanin tumatir babba da na wanke na shafe da mai. Ya ciwu. Ba zan ce yayi daɗi ba amma ya ciwu, ƙasan ne dai har yanzu yake ƙonewa, yashin yayi kaɗan ina ga.

Alhamis, 12 Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfi. Na kwaɓa bayan magariba har sha ɗaya na dare yana nan yadda na ajiye shi, sama ma ya bushe yayi ɓawo saboda tsumma kawai na rufa masa. Yis baya son sanyi, iskar nan kuma ko leɓen mutum bata bari ba balle kwaɓi. Na haƙura na dafa indomi.

Gobe ruwan ɗumi, roba mai murfi, in naɗe da bargo.

Asabar, 28 Disamba

Yau naje kasuwar Kurmi sayen wani abu na biyo ta unguwar Jakara, na tsaya sayen gurasa a wani gida, nace wa dattijuwar Hajiya in ba damuwa zan ɗan tsaya in ga yadda ake yi. Tace tsaya mana ɗana, ai ba asiri bane. Na tsaya kusan rabin awa ina kallo. Tanderun nan ƙatuwar tukunyar ƙasa ce an binne gindinta, an ƙona kara a ciki har bangon yayi jau, matar sai ta tsoma hannu a ruwa ta gutsuro kwaɓi mai ruwa-ruwa ta faɗaɗa a tafin hannu tass tass ta zura hannu ta manna a jikin bango, ko a jikinta. Kafin ta zagayo ta farkon ta kumbura tayi ɗige-ɗigen ƙuna, ta ɓamɓaro ta jefa a kwando. Ba gwangwani, ba jiran minti arba'in.

A hanyar dawowa nake ta tunani, ni wa ya aike ni sai nayi burodi mai tsayi mai kusurwa huɗu. Wancan siffar ta gidan burodi ce, masu oven da fulawar kamfani wadda yawancin alkamarta ma daga waje ake shigo da ita. Mutanen da suka daɗe suna cin alkama ai yawanci mai faɗi sukeyi. Gurasar nan Larabawa ne suka kawo mana ita Kano, abokin aikina da yayi karatu a Khartum yace can ma suna da tasu gurasar, sunan kusan ɗaya, amma su a kan faranti na ƙarfe suke yi su zuba miya a kai. Indiyawa kuma capatinsu da zallar garin alkama ne a kasko. Abu in yana da faɗi ba kauri, ko bai tashi sosai ba zai gasu har ciki, matsalata ta tsakiya ɗanye ƙasa ƙonanne ta ƙare kenan.

Da daddare na gwada a kaskon suya. Wuta ƙasa-ƙasa, ba mai, na shafa ruwa a hannu na faɗaɗa kamar yadda naga tayi, na rufe da murfin tukunya. Minti uku na juya, minti biyu na sauke. Jama'a. Na cinye ta farko a tsaye ko zama banyi ba, da ɗan man gyaɗa da yaji.

Laraba, 8 Janairu 2025

Kwana goma kenan kusan kullum ina yi, awon ya zauna, bari in rubuta kafin in manta. Na sayi ɗan sikelin kicin na batir, gwangwanin madara ɗaya in na cika ban danna ba yana bani wajen giram 90, biyu 180 kenan. Ruwa gwangwani ɗaya saura kaɗan, a sikeli 140 zuwa 150, ya danganta da yadda garin ya bushe. Yis rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan abinda yatsu uku suka ɗauka sau biyu, mai cokali ɗaya. Suga na daina sawa gaba ɗaya, alkamar tana da ɗan zaƙinta in ta gasu.

Wannan yana bani gurasa uku madaidaita, biyu da safe da shayi da ƙwai, ɗaya in naɗe a leda in tafi da ita ofis ko in bari sai dare. Shikenan, ba ragowa ba fumfuna. Kuma na gano a sanyin nan basai na tashi da asuba ina murza ba, ina kwaɓawa bayan isha'i da yis ɗin ɗan kaɗan, in rufe robar in ajiye a lungu, kafin in dawo daga sallar asuba ya tashi yayi ido-ido, ko murzawa sosai bana yi, in ninka shi sau huɗu biyar kawai. Wanda ya kwana ɗin ma yafi daɗi, yana da wani ɗan tsami-tsami mai daɗi kamar na waina, kuma ɗacin dusar yana raguwa.

Wani a ofis yaga ina ci yace ashe kaima suga ta kama ka. Nace Allah ya tsare, lafiyata ƙalau. Mutanenmu sun riƙe cewa alkama maganin ciwon suga ce, mutum ya nannaga tuwon alkama malmala uku yace yana bin doka. Gaskiya tafi fulawa tunda dusar tana nan kuma tana riƙe ciki, amma sitaci ne fa a ciki, in kaci da yawa suga zata hau. Mai ciwo dai ya bi maganar likitansa. Ni nawa don ƙoshi ne, ina kaiwa azahar ban nemi komai ba.

In ta kwana ta bushe kuma, wanda a hunturun nan awa shida ma ya isa, sai inyi bandashe. In tsoma a ruwan zafi in cire da sauri, in barbaɗa garin ƙuli, yaji, in zuba mai, albasa da tumatir. Wani lokacin da gangan nake barin ɗaya ta kwana saboda wannan.

Lahadi, 26 Janairu

Asara. Kwana uku ina jin wani ɗaci a maƙogwaro bayan naci, na ɗauka kaskon ne, na wanke shi tas, na canza mai, duk a banza. Yau na zura hanci cikin bokitin garin sai naji wani wari kamar na tsohon man gyaɗa da ya daɗe a kwalba. Na tona ƙasa kuma ga 'yan ƙwari suna yawo abinsu.

Laifina ne, kwano biyu na niƙa lokaci ɗaya tun Nuwamba, kuma bokitin yana kusa da gas inda zafi yake. Idon alkamar nan da nace yana da mai a ciki, muddin ƙwayar tana a rufe ba abinda zai same shi, shi yasa Baba yake ajiye buhu har shekara, amma da zarar an niƙa iska ta shiga sai man ya fara lalacewa. Fulawa tana daɗewa ne saboda an cire mata shi. Gidan da ake da yara takwas ba zasu taɓa sanin wannan matsalar ba don sati ɗaya sun tashi da kwano biyu, ni mai gwangwani biyu a rana ne zan gamu da ita. Na bawa maƙociya ragowar ta zuba wa kajinta.

Kwano ɗayan da ban niƙa ba lafiyarsa lau. Na ɗebi rabi na kai inji, mai injin yana min kallon wannan ɗan abin zaka sa in tada inji, nace malam zan biya kuɗin kwano guda. Na zuba garin a roba mai murfi na kai can ƙarƙashin gado inda yafi sanyi.

Asabar, 8 Fabrairu

Yis ɗina ya mutu. Shima dai matsalar mutum ɗaya ce, na sayi babban ƙunshi don yafi arha, ina ɗibar rabin cokali ina ɗaure bakin da kyauro, wata biyu da rabi iska ta gama dashi. Na gwada shi a ruwan ɗumi da ɗan suga, minti goma ko kumfa ɗaya babu. Daga yanzu ƙananan saceti zan dinga saya.

Tunda na riga na jiƙa gari sai na kira Inna nace Inna da can da babu yis me kuke sawa. Tace a'a, kai yanzu har ka kai nan? Tace ko dai a bar ƙullin ya kwana yayi tsami da kansa, ko a rage ɗan na jiya a zuba a na yau, in ana sauri kuma nono da ɗan ruwan kanwa. Ina da ragowar kindirmo, na zuba, na jiƙa kanwa na tsiyaya ruwan. Hannuna yayi nauyi, gurasar ta fito ruwan ɗorawa-ɗorawa tana ɗanɗanon sabulu. Washegari na sake da baking soda kwatan ƙaramin cokali maimakon kanwar, tunda shi ana iya auna shi, wannan kam tayi, laushi kamar fanke, kuma ba jira, kana haɗa tsami da soda ka ɗora a wuta nan take kafin iskar ta gudu.

Na ɗauki shawararta ta biyu ma, yanzu kullum ina gutsure kamar girman ƙwai in ajiye a kofi in rufe, da daddare in narka shi a ruwan sabon kwaɓi.

Litinin, 3 Maris

Azumi na uku, Allah ya karɓa mana. Zafi ya fara, kuma duk lissafina na hunturu ya rushe. Kwaɓin da nake bari tun isha'i ranar Asabar kafin sahur ya tashi ya faɗi, yayi tsami kamar an zuba tsamiya, yana kama hannu ya ƙi faɗaɗuwa. Firji kuwa ba abin dogaro bane, a ɗauke wuta sha biyun dare ba sallama. Yanzu sai bayan tarawihi nake kwaɓawa, da ruwan randa mai sanyi, yis ɗan taɓawa kawai ko ma tsohon kwaɓin shi kaɗai, ruwan ma na ɗan rage.

Sahur da gurasar alkama biyu da ƙwai da shayi, jiya har la'asar banji wata yunwa ba sai ƙishirwa. Ƙarfe huɗu da kwata nake ɗora kasko, minti goma sha biyar na gama har da wanke roba. Maƙocina wanda ya leƙo ranar tubali yanzu ƙwanƙwasa ƙofa yake, malam in da ragowa. Dole na koma gwangwani uku.

Laraba, 2 Afrilu

Anyi sallah ranar Lahadi, naje gida na kwana uku. An gama girbi, sabuwar alkama jibge a zaure, Baba yana ta mitar kuɗin taki da na casa da tsuntsaye, daga nan ya koma labarin da ya saba, na 1987 da Babangida ya hana shigo da alkama daga waje, yadda lokacin masu kamfani da kansu suke bin manoma. Mun ji shi yafi sau hamsin amma ba mai katse shi.

Washegarin sallah da safe na shiga madafa nace Inna a bani kasko. Ƙannena mata suka taru a bakin ƙofa kamar ana wasan kura, ɗaya har da ɗaukar bidiyo zata tura wa Yaya. Murhun icce ne ban saba dashi ba, ta farko ta ƙone, ta biyu ma gefe ɗaya, ta uku na janye iccen na bar garwashi sannan ta fito daidai. Na kai wa Inna a faranti. Ta gutsura ta tauna ta daɗe bata ce komai ba, can tace gishiri yayi kaɗan, kuma niƙan naku na birni bai yi laushi ba, ka dinga tankaɗewa da rariya ka mayar da tsakin inji. Sai ta miƙa wa Baba ragowar, shi kuma ya cinye yace a ƙaro.

Na dawo jiya da kwano huɗu na sabuwa. Rabin kwano kawai na wanke, yana shanye a tabarma yanzu haka, da zafin nan kafin la'asar ya bushe. Na sayi rariya a kasuwar Rimi. Alkaki nake son gwadawa gaba, Yaya tace wannan sai tazo da kanta don tsamiyar da sugan basa son ganganci, nace to sai dai ki zo da naki kaskon, nawa ɗaya ne kuma na gurasa ne.